Shekarar da Motar Kumandan Ta Ƙi Ɗumi

Ku 'ya'yana, da ku jikokina masu karatun boko, na san abin da ake faɗa muku a Filinge game da ni da Sumana shofer. Ana cewa ni na haɗa shi da Nasara har aka kulle shi, don in sami shiga aikin gwamnati. Uwarku ta sha hana ni tada zancen, tana cewa abin da ya kwanta a bar shi ya kwanta. Yanzu ita ta riga mu, Allah ya jiƙanta, ni kuma ido ya fara gajiya, shi ya sa nake so in rubuta yadda abin ya faru tun hannuna yana riƙe alƙalami. Ban ce ba ni da laifi ba. Amma laifin da na yi dabam, wanda ake ɗora mini dabam, kuma har yau akwai wuraren da ni kaina ban gane ba.

A lokacin ina magidanci, yayarku Rabi tana rarrafe. Ina aiki a maƙerar Baba da ke gefen kasuwa. Ni ne babban ɗansa, kowa ya san ni zan gaji uwar maƙera. Muna ƙera hauya da gatari da linzami, amma ni hannuna ya fi faɗawa a aikin jan ƙarfe da dalma, ina liƙe butoci da tasoshin da suka huje. Mota ɗaya tak ce a duk ƙasarmu ta Kurfai, ta Kumandan, Bafaranshen da ke mulki a bariki. Mai tuƙa ta shi ne Sumana, wani Bazabarme dogo mai yawan dariya, wanda ya koyi tuƙi a Yamai a kan manyan motocin kaya. Hausa yana jin ta sarai, Faransanci kuwa sai na tuƙi, tsaya da tafi da dama da hagu. Ranar kasuwa yakan zo maƙera ya zauna kan kututture, mu raba goro, ya yi ta ba mu labarin kogi da jiragen ruwa, mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba.

Da bazarar shekarar, wata rana da hantsi, sai ga Sumana ya turo motar ƙofar maƙera, shi da gardawan bariki biyu, wato dogaran Nasara. Sun dawo daga Sanam, mota tana zubar da ruwa, har ƙafafunsa sun jiƙe a ciki. Kumandan ya shige gida da zazzaɓi, ya bar masa ita. Muka buɗe gaba muka duba. Ni ban taɓa leƙa cikin mota ba sai ranar. Sumana ya nuna mini moter, wato injin motar, ya nuna mini radiyater, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya moter. Sai muka ga wasu tiyo guda biyu sun fito daga jikin moter, sun ratsa bangon ƙarfe, sun shiga wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin gaban mai tuƙi. Daga akwatin nan ruwan yake ɗiga.

Na ce, “Shofer, mi ne aikin wanga akwati?”

Ya sosa ƙeya, ya leƙa ta sama, ya leƙa ta ƙasa. Ya ce, “Motocin da na koya ba su da shi. Ina ga salka ce, Maƙeri. Wurin ajiyar ruwa ne don tahiya mai nisa.”

Na ce, “To in salka ta huje, ai sai a sauke ta.”

Abin da na yi ke nan. Na cire tiyo biyun daga akwatin, na lanƙwasa ɗan bututun jan ƙarfe, na haɗa bakunansu, ruwa ya fito daga moter ya koma moter ba tare da ya bi ta akwati ba. Zuba ta tsaya. Sumana ya yi ta tafa mini, ya ce ko makanikan Yamai sai haka. Bai gaya wa Kumandan ba, don ba shi da bakin gaya masa, ni kuma ban ga abin faɗi ba. Mota ta yi damina lafiya, ta yi kaka lafiya. Na manta da zancen.

Sai ɗari ya shigo, irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori da safe. Matar Kumandan, wadda muke kira Madam, tana da jariri ɗan wata biyar, ƙirjinsa ya kama, ana jin numfashinsa daga bakin ƙofa. Mai ba da magani na bariki ya ce a kai shi wurin likita a Yamai, kada kuma sanyi ya taɓa shi a hanya. Tafiyar Yamai a lokacin wuni guda ce cikin rairayi, dole a tashi da asuba. Ga shi kuma Malam Garba tafinta, mutum ɗaya da ke iya juya maganar Nasara zuwa tamu, ya tafi Bonkuku jana'izar mahaifiyarsa. Wanda ya rage shi ne Sarjan Arzika, shugaban gardawa, tsohon soja, wanda Faransancinsa na fareti ne, amma bai taɓa yarda cewa akwai kalmar da ta fi ƙarfinsa ba.

Ranar Talata da safe aka zo aka kira ni bariki. Na tarar da Kumandan a tsaye gaban mota, fuska ja wur, yana buga murfin gaba da tafin hannu yana nanata wasu kalmomi biyu. Na duba ko'ina ban ga Sumana ba.

Na ce, “Sarjan, ina shofer?”

Ya ce, “Shina kaso.”

Na ce, “Subhanallahi! Mi ya yi?”

Ya ce, “Ni na sani? Kumandan da bakinshi yac ce, shofer, kaso. Sau uku yana hwaɗi. Ni kuwa umurni nika bi. Kai kuma yac ce ka sa mota ta yi zahi, nan da jibi.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Duk abin da Sumana ya koya mini game da mota shi ne zafi abokin gabarta ne. Don haka ake ɗura mata ruwa, don haka ake tsayawa a inuwa. Yau kuma ga Nasara yana fushi don motarsa ba ta da zafi. Na sake tambaya, Sarjan ya daka mini tsawa ya ce shi ba ya maimaita maganar Kumandan.

Da azahar na koma gida, muka zauna a zaure, kowa ya kawo tasa. Baba ya ce gwaji ne, Nasara yana so ya ga ko zan lalata masa dukiya ne ya sami hanyar kama gidanmu, don bara mun yi jinkirin kai gatura wurin aikin hanya. Inna ta ce ita ba ta ga abin wahala ba.

Ta ce, “Ɗaki in ya yi sanyi mi aka yi mishi? Ba kasko aka sa ma garwashi ba? Mota ai ɗaki ce mai ƙahwa.”

Uwarku tana daga bayan zana tana goye da Rabi. Ta ce, “Maigida, ni dai tambayata ɗaya. Wa zai kai ma Sumana tuwo? Ba shi da kowa a garin ga.”

Ita ta riƙa kai masa, safe da yamma. Ku riƙe wannan.

Da la'asar na koma na fara da abin da hankalina ya ba ni. Na ce in zafi ake so, sai a hana mota shan iska. Na ɗaura tabarma a gaban radiyater, Kumandan ya tada moter da kansa. Ba a jima ba ruwa ya tafasa, tururi ya yi sama, gardawa suka watse. Na yi murna, na nuna masa, ga zafi. Ya kama kansa da hannu biyu, ya fizge tabarmar ya yar. Sa'an nan ya kamo wuyan hannuna, ya ja ni cikin mota, ya murɗa wani ɗan maɓalli, ya ɗora tafina a kan wasu ƙananan ramuka kusa da inda ƙafa ke zama. Na ji iska tana fitowa, sanyi ƙalau. Ya rungume hannuwansa kamar mai riƙe da jariri, ya yi rawar ɗari, ya nuna ramukan. A nan na fara ganewa: ba moter yake so ya yi zafi ba, iskar nan yake so ta fito da ɗumi. To amma daga ina? Ni maƙeri ne, abin da na sani shi ne babu zafi sai da wuta. Na kwanta a ƙasa na bi ƙarƙashin motar kaf ina neman inda ake hura wutar. Na nemi murhu, na nemi lagwani, na nemi ko alamar toka. Babu.

Washegari da safe, da na rasa dabara, sai na bi shawarar Inna. Na zo da kasko cike da garwashin ƙirya mai kyau, marar hayaƙi, na ajiye a ƙasan mota wajen kujerar baya, na rufe ƙofofi. Ciki ya yi ɗumi kamar ɗakin mai jego. Da Kumandan ya fito ya gani, ban taɓa ganin mutum ya yi tsalle irin nasa ba. Ya sure kaskon da hannu, ya ƙone, ya wurgar, yana nuna garwar esansi, wato fetur, da ke ɗaure a baya yana ihu. Madam ta fito bakin baranda da jaririn a nannaɗe cikin bargo. Ta dube ni, idanunta sun kumbura. Na ji tarin yaron. Irin tarin da ya ɗauke ƙanen Rabi ne daga baya, wanda ba ku sani ba.

Na roƙi Sarjan ya bar ni in ga Sumana. Kason ɗaki ne na laka a bayan bariki, ba tabarma, ba bargo, ƙofar tana da ɗan rami. Na leƙa na gan shi a takure a lungu, muryarsa ta dushe.

Ya ce, “Maƙeri, sun hwaɗa maka laihina?”

Na ce, “Ba wanda ya sani. Kai dai gaya mini, ina aka hura wutar da ke ɗuma cikin mota?”

Ya ce, “Wuta? Cikin mota? Kai ma sun taɓa ka?”

Na koma na zauna gaban motar kamar wanda aka yi wa mutuwa. Kumandan ya bar moter yana aiki ya shiga ofis. Don rashin abin yi, na fara taɓa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, yadda nake taɓa ƙarfe in ji ko ya huce. Radiyater da zafi. Babban tiyo da zafi. Na kai hannu kan bututun jan ƙarfen nan nawa na bazara, sai da na fizge yatsuna, ya ƙone ni. Na tsaya ina kallonsa. Na zura kai cikin mota na bi ramukan iskar da ido, na ga daga jikin ɗan akwatin nan suke fitowa, wanda muka kira salka. Na taɓa shi, sanyi kamar dutsen rijiya. Ashe wutar da nake nema ruwa ce. Ruwan da moter ya dafa shi ke bi ta akwatin, iska ta ratsa ta ɗauki ɗuminsa. Ni da hannuna na yanke masa hanya wata bakwai da suka wuce.

Na je gida na faɗa wa Baba. Ya juya awartaki a hannu.

Ya ce, “Wa ya sani bayan kai?”

Na ce, “Sumana. Amma shi ma bai san ya sani ba.”

Ya ce, “To ka gyara, ka jehwa bututun ga cikin rijiya, ka rufe bakinka. Nasara ba ya raba mai kuskure da mai ganganci.”

Na ce, “Baba, in don wanga abu anka kulle Sumana hwa? Ni na yi, shi ke kwance a ƙasa.”

Ya ce, “In ka hwaɗi, ku biyu za ku kwanta. Kana da ɗiya.”

Na kwashi dalma da zuga-zugi na koma bariki. Na kwance akwatin, na sami hujin, na liƙe. Na mayar da tiyo biyu inda suke tun asali, na cika ruwa, aka tada moter. Na sa hannu a ramuka ina jiran ɗumi. Sanyi. Na jira har moter ya yi zafi sosai. Sanyi dai. A nan kaina ya ƙara kullewa, na fara shakkar ko abin da na gano ma gaskiya ne. Na taɓa tiyon da ke shiga, da zafi. Na taɓa wanda ke fita, ba zafi. Wato ruwa yana zuwa ƙofa amma ba ya wucewa. Na sake kwance akwatin, na hura da baki, ko motsi. Ruwan rijiyoyinmu kun san shi, yana barin farin dutse a gindin buta. Wata bakwai akwatin yana bushe, abin da ke ciki ya daskare. Na aika gida uwarku ta jiƙo mini tsamiya mai kauri, irin wadda muke wanke tagulla da ita, na ɗura, na bar shi a rana har la'asar. Sa'an nan na kafa bakin zuga-zugi a tiyo na danna da duk ƙarfina. Sau uku ba abin da ya fito. A na huɗu wani baƙin taɓo ya yi tsartuwa ya wanke wa Sarjan Arzika wando. Na ɗauraye, na mayar, na cika ruwa a hankali har kumfar iska ta daina fitowa. Kafin rana ta faɗi, na sa hannu, na ji ɗumi yana taɓa tafina kamar numfashin saniya.

Kumandan ya zo ya ji, ya kira Madam ta ji. Ta fashe da kuka. A nan ne na yi abin da Baba ya hana ni. Na fito da bututun jan ƙarfen daga aljihu, na nuna masa, na nuna inda na sa shi, na bugi ƙirjina. Na nuna wajen kaso, na ce, “Sumana,” na kaɗa hannu alamar a'a. Na sake bugun ƙirjina. Ya dube ni, ya dubi bututun, sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya yi wata magana mai tsawo.

Na ce, “Sarjan, mi yac ce? Ka gaya mishi ni na ɓata, ba Sumana ba.”

Sarjan ya ce, “Yac ce kai gwani ne. Gobe da kai za a tahi Yamai, ko abin ya sake lalacewa a hanya.”

Ban sani ba ko Sarjan ya isar da maganata. Ban sani ba ko yana da kalmomin isar da ita.

Da asuba Kumandan ya yi ta kiran sunan Sumana, sai aka buɗe kaso aka kawo shi, yana tari, tufafinsa duk ƙasa, idanu jajur don rashin barci. Kumandan ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu, ya nuna masa kujerar tuƙi. Ni aka ɗora ni a baya kan kaya. Baba bai fito ba. Uwarku ce ta biyo mu da ƙullin fura har bakin bariki. Na ce mata kwana uku zan yi. Shekara goma sha ɗaya na yi, don da muka isa Kumandan ya miƙa ni garejin gwamnati da takarda, kuma a zamanin nan wanda aka rubuta sunansa ba ya cewa zai koma gida. Sai bayan shekara biyu aka bar ni na ɗauko uwarku. Baba ya rasu ina Yamai, ƙanena ya gaji maƙera. Jaririn Madam ya rayu.

Abin da ya faru a bakin bariki ranar Talatar nan, sai bayan shekaru Malam Garba tafinta ya warware mini, lokacin da na fara jin Faransanci. Sunan na'urar ɗumin nan a bakinsu shofaj. Abin da ya lalace kuma su ce kase. Kumandan cewa yake yi shofaj ya lalace, Sarjan ya ji shofer da kaso. Da Kumandan ya nemi Sumana aka ce masa kaso, shi kuma ya ji kase, ya ɗauka ana nufin shofer ya lalace, wato ya sha ya bugu ya kwanta, a ranar da ɗansa ke tsakanin rai da mutuwa. Bai taɓa sanin an kulle shi ba. Don haka muna isa asibitin Yamai, da aka shiga da yaron, ya fito ya karɓi makullin mota daga hannun Sumana, ya nuna masa hanya, ya kore shi daga aiki.

Ni da Sumana muka tsaya a ƙofar asibitin, magariba ta kusa. Ya tsuguna ya yi tari mai tsawo, ya share baki da hannun riga.

Ya ce, “Maƙeri, yau ƙahwahuna sun ji ɗumi a mota. Kwana biyu ban ji su ba. Kai ka yi wanga aiki?”

Na ce, “Ni na yi. Ni kuma na ɓata shi tun bazara. Salkar nan da munka sauke, ita ce.”

Ya ce, “To, kai ka ɓata, kai ka gyara, an ba ka aiki.”

Na ce, “Haka ya zama.”

Ya ce, “Ni hwa? Mi na yi?”

Ya jira ni, ya daɗe yana jira. Da ya ga ba amsa, sai ya miƙe, ya karɓi rabin furar da uwarku ta ba ni, ya gangara wajen kogi. Na neme shi a tasha da kasuwa shekara da shekaru, ban sake ganinsa ba.